Ka Tafi, Hurde Ya Ƙi Shan Ruwa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, da rana tsaka, Allah ya karɓi ran mijin yayata, mai gyaran famfon garinmu, wanda yara da manya suka fi sani da Baba Ruwa-ya-zo. Mallakar Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a tattara mu. Na faɗi haka a bakin kabari, na faɗa a ƙofar gida ga duk wanda ya miƙo mini hannu, ina kuma sake faɗa a nan ko zuciyata za ta yarda da abin da bakina ke maimaitawa. Har yanzu dai ba ta yarda ba.

Angon Yaya, da kai zan yi magana, don ban saba yin zancenka a bayan idonka ba. Ka san ni ba marubuci ba ne. Mai ɗaukar hoto ne ni, shagona yana kallon naka, titi ne kawai ya raba mu, kuma rabin rayuwata a bakin ƙofar nan na yi ta, ina tsokanarka kana ramawa. Waɗanda suka fi ni ilimi za su faɗi alherinka da kalmomi masu kyau. Ni abin da idona ya gani zan faɗa, har da abin da ya hana mu sukuni a gidanka tun ranar da ka tafi, wato dokinka Hurde, wanda ya kau da kai daga bokiti ya ƙi shan ruwa.

Ina cikin shago ina yanka ƙananan hotuna da almakashi na ji takun kofato a kan kwalta. Takun Hurde ba ya ɓace mini, don yana ɗan jan ƙafar baya ta hagu. Na ɗaga kai da maganar tsokana a bakina, sai na ga wani manomi da ban sani ba yana tafe a ƙasa riƙe da linzami, sirdi ba kowa, jakunkunan kayan aikinka suna reto gefe da gefe. Ba a taɓa jan dokinka a titin nan kana da rai ba. Kafin mutumin ya buɗe baki, almakashin ya suɓuce daga hannuna.

Shi ya ba mu labari. Famfon ƙauyensu ne ya lalace, can bayan rafi, ka tafi tun da safe. Ka zaro bututan, ka canja abin da ya ci, ka mayar ka ɗaure, mata suna zaune a inuwa da bokitansu suna jira. Ka buga har ruwan ya daina fitowa ja, ya washe. Ka tara hannu ka sha, ka ɗan tsaya, sannan ka ce su zo su ɗiba. Daga nan ka zauna ka jingina da dakalin siminti ka ce bari ka huta. Suka cika bokitansu. Wata daga cikinsu ta zo yi maka godiya, ta yi sallama har ta gaji ba ka amsa ba. Dokin yana tsaye a kanka, ba a ɗaure ba, bai kuma gusa ba har motar da ta ɗauke ka ta iso.

Sai bayan an dawo daga maƙabarta Yaya ta gaya mini ka yi watanni kana dafe ƙirji idan ka sunkuya, ka kuma hana ta faɗa wa kowa. Ina jin haushinka a kan wannan, kuma mutuwa ba za ta sa in ɓoye ba. Kai da za ka saurari famfo daga nesa ka ce ga abin da ke damunsa, ka kasa tsallaka titi ka ce mini, Auta, ƙirjina yana ciwo. Na san kwana idan ya ƙare babu likitan da zai ƙara shi. Duk da haka da ka faɗa.

Ina ɗan saurayi ka fara zuwa gidanmu neman Yaya, a kan wani ramammen doki da ana iya ganin haƙarƙarinsa tun daga bakin titi, hannuwanka baƙi ƙirin da man inji duk da wankin da suka sha. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya dube ka ya dubi dokin, ya ce wanda ya iya haƙuri da wannan dabba zai iya haƙuri da 'yarsa. Ranar ce ka ɗora ni a sirdi don ka saye ni, kafin dokin ya kai bakin ƙofa na sha ƙasa. Ban ƙara hawa doki ba, kai kuma ba ka daina ba da labarin ba, kowace shekara faɗuwar tana ƙara tsawo a bakinka. Ni ma na rama da suna. Angon Yaya na kira ka ranar, Angon Yaya na ci gaba da kiranka har furfura ta cinye gemunka, har jikokinka suka fara tambaya wane ne angon.

Yanzu ma da nake rubutun nan ina hango shagonka ta ƙofata, a rufe, da kwaɗon da ban taɓa ganinsa a jikin ƙofar da rana ba. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano. Bututai suna jingine a kusurwa, dogaye da gajeru, rodi ɗaure da waya, sifanu a jikin bango kowace da ƙusarta. Ka zana siffar kowace sifana da alli a inda take rataye, don idan an ara ba a dawo da ita ba bango ya tona asiri, kuma ban taɓa shiga na tarar da bangon a cike ba, saboda ba ka iya hana aro. Ƙarƙashin tebur tsofaffin tayoyi ne da takalman roba da mutane suka yar, daga jikinsu kake yanka 'yan zobban da ke hana famfo yoyo idan na kanti sun yi wuya. Ɗakin yana warin man inji da fata da zufar doki. Na sha cewa warin yana kore mini masu zuwa hoton aure, kai kuma ka ce fuskata ce ke korarsu.

Sunan da aka san ka da shi yaran ƙauye suka raɗa maka. Idan famfo ya mutu, mata da yara kan koma tafiya mai nisa da jarkoki, wani lokaci su koma ruwan kududdufi. Da sun hango doki mai ɗigo-ɗigon toka yana tahowa da jakunkuna, sai su ruga suna ihu, "Ruwa ya zo! Ruwa ya zo!" tun ba ka kwance noti ko ɗaya ba. Ka taɓa gaya mini wannan ihun ne ya fi komai ba ka tsoro a aikin, don idan gyaran ya gagara ba ka san da wane ido za ka dube su ba. Shi ya sa ba ka barin famfo a kwance ka dawo gida. Yaya ta san haka, ta daina ajiye maka abinci da zafinsa tun kuna da ƙuruciya.

A kwanakin nan na zaman makoki na ji labaranka da ban sani ba, ni da nake ganin na gama saninka. Wata ungozoma ta zo daga ɗan asibitin da ke hayin rafi. Ta ce wata damina rafi ya cika ya batse, famfonsu ya tsaya, ga mata a kwance babu ruwan wanke hannu. Motoci da babura duk sun yi cirko-cirko a gaɓa. Ta ce suna tsaye sai suka ga mutum ya ɗaure jakar kayan aiki a ka, ya shiga ruwan da doki, dokin yana iyo shi yana riƙe da gezarsa. Wannan na tuna da shi ta wani gefen, don a wancan makon Yaya ta daina yi maka magana, ka riƙa zuwa shagona cin abincin rana kana cewa gishirin gidanka ne ya ƙare.

Wata tsohuwa kuma, jikarta ta riƙo hannunta har cikin gida. Ta ce ita kaɗai take zaune a ƙarshen layinsu, hannunta ba ya iya danna famfo, sai ta zauna a gindinsa ta jira wani ya zo ya buga mata. Wata rana ka zo wucewa ka gan ta, ka tambaye ta, ka tafi. Washegari ka dawo da guntun bututu ka ƙara wa hannun famfon tsawo, har ya zama da hannu ɗaya take bugawa. Ta ce ba ka tsaya ta yi maka godiya ba, sai faɗa da ka yi wa yaran da ka tarar suna lilo a jikinsa.

Faɗan nan kuwa kowa ya san shi, ba zan share maka shi ba. Kana da zafin baki ga duk wanda ya bar sarƙar famfo ta bushe ba mai, ko ya bar yara suna wasa da hannunsa. Manyan mutane sun sha saukar da kai a gabanka kamar 'yan makaranta. Ga taurin kai. Babban ɗanka, wanda muke kira Direba, ya sayo maka babur sabo fil don ka huta da doki. Ka yi godiya, ka zagaya shi kana yaba fentin, ka tura shi bayan ɗaki ka lulluɓe da tamfol. Yau kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashinsa. Ka ce babur ba ya iyo, ba ya kuma sanin hanyar gida idan barci ya ɗauke ka a kansa.

Taurin kan nan da kulawar nan su suka haɗu suka jefa mu cikin abin da muke ciki. Kafin Hurde kana da wani baƙin doki, Akawal. Wata rana kuna dawowa daga aiki cikin zafi ya sunkuya ya sha daga wani kwatami a bakin gona, ashe a nan masu feshi suka wanke tankunansu. Kafin la'asar ya faɗi yana shure-shure, ya mutu kansa a kan cinyarka. Ranar na fara ganin hawayenka. Ka ce kai da aikinka shi ne raba mutane da mugun ruwa, ga shi mugun ruwa ya kashe maka doki kana riƙe da linzami. Da ka sayo Hurde yana ɗan dukushi, ka rantse ba zai taɓa sa baki a ruwa ba sai da izininka. Ka yi wata da watanni kana koya masa, har ya zamana zai tsallaka rafi da ƙishirwa, ruwa yana dukan ƙirjinsa, ba zai sunkuya ba sai ya ji fitonka.

Fiton nan kowa a garin nan ya san shi. Yakan tashi sama siriri, ya sauko a hankali, ya ƙare da 'yar karkarwa. Abin alfaharinmu ne. Idan na yi baƙi nakan kai su bakin rafi su ga dokin da ba ya sha sai an yi masa fito, su yi ta mamaki, ni ina hura hanci kamar ni na koya masa. A cikinmu duka babu wanda ya taɓa tambayar abin da zai faru ranar da mai fiton ba ya nan. Kai ma ba ka tambayi kanka ba.

Ranar Talata da Laraba hankalin kowa yana kan jama'a. An ɗaure Hurde a turkensa a bayan kicin, an cire masa sirdi, an zuba masa dusa da harawa, an ajiye bokiti. Sai ranar Laraba da yamma na lura bokitin yana nan yadda aka ajiye shi, ƙura ta kwanta a kan ruwan. Na zubar na ɗebo sabo daga famfon tsakar gida, na kai masa har ƙarƙashin hanci. Ya shinshina, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar gida. A lokacin na tuna da fiton.

Na yi fito. Ka san giɓin da ke bakina, rabin iskar ta nan take zurarewa. Ko kunne bai motsa ba. Na kira Direba, ya gwada. Mahauci maƙwabcinka ya ce ai shi ya haddace fiton tun da daɗewa, ya zo ya cika kumatu ya yi ta yi har jijiyar wuyansa ta tashi. Mai aski ya ce mahauci yana sauka da wuri, ya ture shi ya yi nasa. Kafin a jima dattawa sun kewaye doki suna fito a gidan makoki, kowa yana gyara wa ɗan'uwansa. Liman ya shigo gaisuwa ya tarar da mu a haka, ya yi kamar bai ji ba ya wuce. Da kana nan da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Mu babu wanda ya yi dariya, don Hurde yana tsaye yana kallon ƙofa, leɓɓansa sun fara bushewa.

Ranar Alhamis muka kira likitan dabbobi, mutumin kirki da ya san ka ya san dokin. Ya kama fatar wuyan Hurde ya ja ya saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ya duba dasashinsa, ya girgiza kai. Ƙarti suka riƙe dokin, ya zura masa siririn tiyo ta hanci har ciki ya ɗura masa ruwa. Hurde ya yi ta fizga, idonsa ya yi fari, jini ya ɗan fito ta hancin. Ban taɓa ganin an yi wa dabbar nan dole ba, na juya baya. Likitan ya sake zuwa ranar Juma'a ya maimaita, da ya gama ya ja ni da Direba gefe.

"Wannan jinkiri kawai nake saya masa," in ji shi. "Maƙogwaronsa ya fara kumbura, ba zan iya ci gaba da zura tiyon ba. Ga zafin nan. Idan bai sha da bakinsa ba zuwa gobe, ƙodarsa za ta tsaya. In ta kai ga haka, gara a hutar da shi da a bar shi yana wahala."

Direba ya raka likita ƙofa ya dawo. Sannan ya ce da ni, "Kawu, ba zan iya kallon dokin Baba yana mutuwa kaɗan-kaɗan ba. Idan gobe ta yi bai sha ba, likita ya yi abin da ya ce." Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Amma sai na ji kamar an ce mini za a sake fitar da kai daga gidan.

Duk wannan Yaya tana ɗaki. Tun ranar Talata take zaune a kan tabarma ta jingina da bango, mata sun kewaye ta. Ba ta yi kuka ba, shi ne ma ya fi tayar mini da hankali. A ajiye kwano a gabanta, a zo a ɗauke yadda aka kawo. Ruwa ma sai an matsa mata take jiƙa leɓe ta ajiye kofin. Ba mu gaya mata zancen dokin ba, muna ganin abin da ke kanta ya ishe ta.

Da la'asar ɗin Juma'ar nan na tuna ina da bidiyonka a wayata, wanda na ɗauka bara a bakin rafi lokacin da na kai wasu baƙi. Har da gudu na tsallaka titi, ina cewa a raina na samo maganin da ya gagari kowa. Na cika bokiti, na tsuguna kusa da shi, na ƙure sautin wayar na kunna. Fitonka ya tashi a tsakar gidan, naka na gaske, da karkarwarsa a ƙarshe. Hurde ya miƙe kunnuwa, ya yi wata haniniya da ban taɓa jin irinta ba. Ya fizgi igiya ya nufi ƙofa, ya dawo ya leƙa bayana, ya zagaya turke yana nemanka har igiyar ta goge masa wuya. Ya zo ya shinshina wayar a hannuna. Bokitin kuwa ko kallonsa bai yi ba. A lokacin ne na ji kukan Yaya daga ɗaki, irin kukan da ke fitowa daga ciki ba shiri. Na kashe wayar, na zauna a ƙasa kusa da turken, ban san wanda zan fara ba haƙuri ba.

Ranar Asabar da hantsi likita ya iso da jakarsa. Hurde yana tsaye da ƙyar, kansa ya sauko, cikinsa ya shige. Direba ya koma jikin katanga ya ba mu baya. Na ce a bar ni in ɗebo ruwa sau ɗaya na ƙarshe, ba don ina sa rai ba, don dai kada hannuna ya zauna. Ina ajiye bokitin na ji motsi a bayana. Yaya ce a bakin ƙofar kicin, tana dafe da ƙyaure, fuskarta ta faɗa.

"Auta," ta ce, "ruwan nan da kuke ta ajiye masa, wa yake fara sha?"

Muka dubi juna.

"Yaya, ai ruwan doki ne," na ce.

"Ba wanda ya sha kenan." Ta girgiza kai. "Ku fiton kuke ji daga waje. Ni ta tagar kicin nake ganinsa safe da yamma ina wanke-wanke. Bai taɓa ba dokin nan ruwan da bai fara sha ba."

Ta tako a hankali. Ka san gwiwoyinta, sallah ma a kan kujera take yi. Na miƙa hannu in riƙe ta, ta ture. Ta durƙusa a gaban bokitin, cikin ƙasa da ɓurɓushin harawa, ta tara hannu biyu ta ɗebo ta sha. Ta ɗan tsaya da ruwan a baki tana kallon gefe, daidai yadda kake yi a gindin kowane famfo kafin ka ce a zo a ɗiba. Ta haɗiye, ta sake ɗebowa ta sha. Sannan ta tattara leɓe ta hura. Yaya ba ta taɓa yin fito ba a rayuwarta, iska ce kawai ta fito, da 'yar ƙara kamar ta butar da ta fara zafi.

Hurde yana kallonta tun durƙusawarta. Ya matso da ƙafar nan da yake ja. Ya shinshina ɗankwalinta, ya shinshina hannuwanta da ke ɗiga. Ya sauke kai ya hura ruwan har ya yi rawa a bokitin. Sannan ya sa baki.

Babu wanda ya motsa. Muna jin haɗiyarsa, kunnuwansa suna motsi da kowane kurɓi. Direba ya juyo daga katanga ya toshe baki da hannu. Likita ne ya fara dawowa hayyacinsa, ya ce a janye bokitin kada ya sha da yawa lokaci ɗaya, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Yaya tana nan durƙushe, hannunta ɗaya a kan goshin dokin, ruwa da hawaye sun jiƙa gaban rigarta. Da muka ɗaga ta, ta share fuska ta ce, "Ko tafiyar ma sai da ya bar mini aiki." Daga nan ta ce a ba ta kofi. Ta shanye shi tas, ta miƙa a ƙaro.

Angon Yaya, ni ma na sha ganinka kana sunkuyawa a bakin rafi kafin ka yi fito. Na ɗauka fuska kake wankewa. Bidiyon nan ma sai da ka miƙe na fara ɗauka, don a ganina daga nan abin kallo yake farawa. Jiya na zazzage akwatin hotunanka da na tara tun kana da baƙin gemu. Duk a kan doki kake, ka miƙe ƙirji, ko kana tsaye riƙe da sifana. Babu ko ɗaya da ya kama ka a durƙushe kana ɗanɗana wa wani ruwa, alhali abin da ka yi ta yi kenan har ranar da ka jingina da dakalin nan.

Ba zan ce hankalinmu ya kwanta ba. Likita ya ce sai an ga yadda ƙodar za ta yi a kwanakin nan, don dokin ya sha wuya kuma ba yaro ba ne. Ya fara taɓa dusa, amma har yanzu da ya ji an buɗe ƙofar gida sai ya ɗaga kai. Yaya ce ke durƙusa masa safe da yamma. Direba ya ce ta bar shi ya karɓe ta kafin ya koma bakin aiki, ni ma na ce zan koya, ta ce mu bari tukuna. Ban san tsawon lokacin da gwiwoyinta za su ɗauka ba. Famfon bakin titinmu kuma ya fara ƙara tun shekaranjiya, ina ji daga shago, kuma ko an buɗe mini ƙofarka ban san wace sifana zan ciro daga bango ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, yau kuma ban san yadda zan riƙe ta ba. Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin jiki, ya sa ki ci gaba da ci da sha ko don dabbar da ke jiranki. Ina yi wa Direba da ƙannensa da 'ya'yansu ta'aziyya, Allah ya haɗa kanku, ya sa ku gaji hannun mahaifinku ko da ba ku gaji sana'arsa ba. Ina miƙa ta'aziyya ga maƙwabta, da mutanen ƙauyukan da suka taho a ƙafa cikin rana don su tsaya a bayan gawarsa, da yaran da za su ci gaba da duban hanya. Duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa rai da zafin bakinsa, don Allah ya yafe masa.

Kai kuma, Angon Yaya, na yafe maka ɓoyon da ka yi mini, kai ma ka yafe mini tsokanar shekaru. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya sanyaya shi. Allah ya sa kowane bokitin da aka cika a famfon da ka gyara ya zama nauyi a ma'auninka. Ka yi rayuwarka kana fara sha don wasu su sha da kwanciyar hankali. Ranar da ƙishirwa za ta kama kowa, Allah ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa, ruwan da ba sai ka tsaya ka ɗanɗana wa kowa ba. Amin.